Ranar da Ƙararrawa Ta Faɗi Gaskiya

A ƙasar Hausa, tun kafin a san jiniya ko wayar tarho, ihu shi ne makamin farko da gari ke kare kansa da shi. In wuta ta kama danga ko rumbu a tsakiyar hunturu, mace guda ce za ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, kafin ta rufe baki maza sun fito, wani da tulu, wani da ƙasa a ƙwarya, wani da ɗanyen reshe. Ba mai tsayawa ya tambayi wace ce ta yi ihun, balle ya nemi ta kawo shaida. Wannan fitowa da ake yi ba tare da tambaya ba dukiya ce ta gari baki ɗaya, kamar rijiya ko makiyaya, ko da yake ba a ganin ta da ido. An tara ta ne a hankali, shekara da shekaru, domin kowa ya san ba a ihu a banza.

Yau ƴaƴanmu da ɗalibanmu suna kwana ɗari-ɗari a gini guda, a makarantun kwana da gidajen ɗaliban jami'a, kowa daga garinsu, wani bai san sunan maƙwabcin ɗakinsa ba. A ƙasashe da yawa an damƙa aikin ihu ga na'ura: wata ƴar aba da ake mannawa a rufin ɗaki tana sunsunar hayaƙi, da wani maɓalli a bango wanda duk wanda ya ga wuta zai danna, sai ƙararrawa ta ɗauka a ginin duka. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: in ƙararrawar nan ta yi ta kuka babu wuta har mutane suka daina tashi, wa ke da alhakin ranar da za ta faɗi gaskiya a ƙi jin ta? Kuma wane hukunci ne adalci a kan ihun ƙarya?

Abin da ya faru a Boland Hall

Tambayar ba ta tatsuniya ba ce. A jami'ar Seton Hall da ke jihar New Jersey ta Amurka akwai wani gidan kwanan sababbin ɗalibai mai suna Boland Hall, inda fiye da mutum 600 ke kwana. Ranar 19 ga Janairun 2000, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wuta ta tashi a ɗakin hira na hawa na uku. Wasu ɗalibai biyu ne suka cinna wa wata takardar ado wuta da sunan wasa, ta faɗa kan kujerun soso, cikin ƴan mintoci hayaƙi baƙi ƙirin ya cika barandar da ɗakuna ke buɗewa a kanta. Ƙararrawa ta yi aikinta, ta yi kuka. Amma jaridun lokacin sun ruwaito cewa tun daga watan Satumba ta riga ta yi kuka sau 18 babu wuta. Ɗalibai da yawa suka gyara kwanciya, suka ja bargo, ga sanyin Janairu a waje. Uku suka mutu, fiye da 50 suka ji rauni, wasu da ƙunar da ta sauya musu kamanni har abada.

A shekarar kanta jihar New Jersey ta kafa dokar da ta tilasta sa famfunan feshin ruwa masu buɗe kansu a rufin duk gidajen kwanan ɗalibai, abin da Boland Hall ba shi da shi. Waɗanda suka cinna wutar sun amsa laifinsu a 2006, aka yanke musu ɗaurin shekara biyar a farkon 2007. Shari'a ta sami waɗanda za ta kama. Amma akwai wasu hannaye a cikin wannan musiba da ba kotun da ta kira: hannayen da suka sa ƙararrawa kuka sau 18 kafin ranar.

Mai ihun ƙarya

Duk wanda ya zauna a aji ya san labarin da ake dangantawa da Esop, mai hikayoyin nan na tsohuwar Girka: yaro makiyayi da ya riƙa ihun kyarkeci don ya ga mutanen ƙauye suna gudu, har ranar da kyarkecin ya zo da gaske ba wanda ya fito. Mu malamai mun saba fitar da darasi guda daga ciki, wato maƙaryaci ko ya faɗi gaskiya ba a yarda da shi. Darasin daidai ne, amma bai kai ga inda ciwon yake ba. A cikin labarin, yardar da aka janye daga yaron aka janye ta, muryarsa ce aka gane aka yi banza da ita. Ƙararrawa kuwa ba ta da murya biyu. Kukan da take yi in shaƙiyyi ya danna ta shi ne kukan da take yi in mai gaskiya ya danna ta. Saboda haka wanda ya yi wasa da ita bai zubar da mutuncinsa shi kaɗai ba, ya ɗebi wani abu ne daga rumbun jama'a, ya rage nauyin maganar duk wanda zai yi gargaɗi bayansa. Kuma wuta in ta zo ba ta tambayar wa ya yi wasan.

Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya kawo misalin alkawarin ƙarya a littafinsa na 1785 kan tushen ɗabi'a. Abin da ya nuna shi ne, mai alkawarin ƙarya yana cin moriyar cewa sauran mutane suna cika nasu. Da kowa zai yi yadda ya yi, da alkawari kansa ya zama maganar banza, ƙaryarsa ma ba za ta ƙara ci ba. Haka ɗalibin da ke danna ƙararrawa da tsakar dare don ya ga ƴan'uwansa sun fito a guje da kayan barci. Dariyarsa ta dogara ne ga yardarsu, kuma kowace dariya tana cinye wani yanki na wannan yarda. Bahaushe ya ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. A nan kam tana yi, sai dai ba mai ita ne ke tsinka ba.

Don haka dokokin ƙasashe ba su ɗauki abin da wasa ba. A Faransa, aya ta 322-14 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin shekara biyu da tarar Yuro 30,000, wato kusan miliyan 20 na kuɗin Sefa, ga wanda ya ba da labarin ƙarya na wata musiba har ya sa masu ceto suka fito a banza. A Ingila ma dokar 2004 ta ƴan kwana-kwana ta sa kiran ƙarya da gangan cikin laifukan da ake tara ko ɗauri a kansu. Dalilin a fili yake: motar da ta tafi kashe wutar da babu ita, ba ta nan sa'ad da wata unguwa ke ci da gaske.

Ba kowane ihun banza ne ƙarya ba

Da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi: a kama mai laifi, a hukunta shi. Amma alƙaluman Ingila, inda ake ƙirga waɗannan abubuwa shekara-shekara, sun nuna wani abu daban. Kimanin kashi 40 cikin 100 na fitar da ƴan kwana-kwana ke yi, suna zuwa ne su tarar babu wuta. Suna raba wannan gida uku. Kusan biyu bisa uku na'ura ce ta yi kuka da kanta. Mafi yawan sauran mutum ne ya ga wani abu ko ya ji ƙauri, ya kira da kyakkyawar niyya. Na ƙeta da gangan bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Na'urar sunsunar hayaƙi ba ta san wuta ba. Irin wadda aka fi amfani da ita tana da ɗan haske a cikinta, in wani abu ya shiga ya watsa hasken sai ta yi kuka. Hayaƙin gobara yana watsa shi, haka ma tururin wanka, da ƙura, da feshin turare, da burodin da ya ɗan ƙone. Shi ya sa masu sanin aikin ke sa na'urar da ke jin zafi a madafa maimakon mai jin hayaƙi. In hukumar gida ta sa na'urar da ba ta dace ba a kusa da madafa ko makewayi, ko ta bar ta shekaru ba gyara ba shara, to hukumar ce ke ihun banza kowane dare, ko da ba ta buɗe baki ba.

Duk da haka, hanyar da gidajen ɗalibai da yawa ke bi ita ce tara: duk ɗakin da ƙararrawa ta tashi daga cikinsa ya biya, wani wuri ma in ba a gano mai laifi ba sai a raba kuɗin a kan duk masu kwana a hawan. Mu duba abin da wannan doka ke koya wa yaro. Ɗalibin da aka ci tararsa don tuwonsa ya kama, ba daina girki zai yi ba. Safa ko leda zai samu ya rufe bakin na'urar, abin da masu kula da irin waɗannan gidaje suka sha tararwa. Ɗalibar da ta ji ƙauri da dare ta yi shakka, za ta tuna da kuɗin da ba ta da shi da hararar maƙwabtanta, ta ce bari in ƙara jira in tabbata. Dokar da aka kafa don a kare ƙararrawa sai ta koma tana toshe mata baki. Mu da muka riƙe alli mun san irin wannan: malamin da ke hukunta aji duka don laifin mutum guda yana samun shiru, amma shirun nan ya haɗa da na yaron da ya ga abin da ya kamata a sani.

Adalci a nan yana wajen rarrabe niyya. Wanda ya danna don shaƙiyanci ya cancanci hukunci mai tsanani, kuma a bayyana shi ga kowa. Wanda sakacinsa ya jawo, kamar mai shan taba a inda aka hana ko mai barin tukunya a kan wuta ya tafi hira, a yi masa gargaɗi, in ya maimaita a hukunta shi daidai sakacinsa. Amma wanda ya yi ihu da gaskiyar zuciyarsa, aka zo aka tarar ba kome, wannan godiya ya kamata a yi masa a gaban jama'a, domin kuskurensa shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami wanda zai yi ihu a kan lokaci. Garin da ke kunyata mai ihun kuskure zai wayi gari ba shi da sai masu ihu bayan hari.

Abin lura ne cewa ko hukumomin da suka gaji da kiran banza sun san inda za su tsaya. Daga ranar 1 ga Yulin 2023 ƴan kwana-kwanan Sikotilan suka daina zuwa ofisoshi da kantuna da masana'antu don kukan na'ura kawai, sai in wani ya tabbatar da alamar wuta. Amma sun ware wuraren da mutane ke kwana, waɗannan suna zuwa ko ba tabbaci. Mai barci ba ya iya tabbatar da kome.

Haƙƙin mai ji

Saura ɓangaren da ya fi wuyar hukunci, wato ɗalibin da ya ji kuka ya gyara kwanciya. Shin ya yi laifi? In muka bi lissafi tsantsa, hankalinsa bai yi ƙarya ba: sau 18 wanda ya zauna a ɗaki shi ne ya yi daidai, waɗanda suka fita suka sha sanyi a banza. Mutum yana koyo ne daga abin da ya saba gani, kuma wannan koyo shi ne muke yabo a sauran al'amuran rayuwa. Ta yaya abin da muke kira hankali a ko'ina zai zama wauta a nan?

Amsar ita ce, lissafin ya ƙirga yawan lokuta, ya manta da nauyinsu. Wanda ya fita a banza ya yi hasarar barcin rabin awa. Wanda ya zauna a ranar gaskiya ya yi hasarar abin da ba a maidowa. Kuma ba a ba shi lokacin gyara kuskurensa, domin mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke kashe su kafin harshen wuta ya kai gare su, kayan soso da roba na zamani kuwa suna iya mai da ɗaki tanda cikin ƴan mintoci. Manomin da ke kewaye rumbunsa da shara kowace kaka bai yi haka don yana zaton bana wuta za ta zo ba. Ya san sau da yawa ba ta zuwa. Ya kuma san zuwa ɗaya ya isa.

Akwai kuma abin da ya wuce ran mutum shi kaɗai. A gidan da mutane da yawa ke kwana, kowa yana duban kowa. In sabon ɗalibi ya leƙo ya ga manya ba su motsa ba, shi ma zai koma. Wanda ya zauna ya zama hujja ga na kusa da shi, kuma in abin ya tabbata, wani ne zai shiga cikin hayaƙi neman sa. Saboda haka fita ba ta bukatar mutum ya gaskata cewa akwai wuta. Yana iya cewa a ransa wannan ma ta banza ce, ya kuma sa takalmi ya fita, kamar yadda mutanen ƙauye ke fitowa ba tare da tambaya ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya riƙe al'adar da rayuwar wasu ta rataya a kanta.

Wani zai ce: to gwajin fita da hukumar makaranta ke shiryawa fa, ba shi ma ihun ƙarya ba ne? Dokar Faransa, alal misali, ta wajabta wa makarantu yin gwajin farko cikin watan da ya biyo bayan komawa karatu, ta kuma ce inda ɗalibai ke kwana a yi wani da dare. Bambancin shi ne, gwaji kowa ya san da zamansa tun farkon shekara, yana da iyaka, ana kuma bayyana sakamakonsa: minti nawa aka yi, wace ƙofa ta cushe, wa aka manta a ɗaki. Yana ƙara wa rumbun yarda ne, domin yana koya wa ƙafa hanya kafin ranar da ido ba zai ga kome ba. Amma in hukuma ta mai da shi abin tsoratarwa, tana tada yara ba ƙa'ida ba bayani, to ita ma ta shiga sahun makiyayin Esop.

Ƙararrawa da ƙofa

Duk wannan magana ta ginu ne a kan cewa wanda ya tashi zai sami hanyar fita. A watan Maris na 2001, a makarantar sakandaren Kyanguli ta ƙasar Kenya, ɗalibai 67 suka mutu a ɗakin kwanan da aka kulle ɗaya daga cikin ƙofofinsa, tagoginsa kuma da ƙarafa. A Nuwamban 2003 gobara ta kashe ɗalibai 44 a gidan kwanan Jami'ar Abotar Al'ummai da ke Mosko, baƙi daga Afirka da Asiya da wasu nahiyoyi, wasunsu sun yi ta dirowa daga tagogin bene. A Mayun 2023, a garin Mahdia na ƙasar Guyana, yara 20, kusan dukansu mata, suka mutu a ɗakin kwanan da aka kulle da dare. Wanda ya kulle irin waɗannan ƙofofi yakan ce don tsaron yaran ya yi, kada ɓarawo ya shigo, kada yarinya ta fita yawon dare. Niyyar ba mummuna ba ce. Amma wanda ya ce wa yaro "in ka ji ƙararrawa ka fita" alhali mabuɗin yana aljihun mai gadin da ya tafi shan shayi, ya yi masa alkawarin ƙarya mafi muni.

Mu ma nan ba baƙin wannan baƙin ciki ba ne. A Afrilun 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar, a Maraɗi, aƙalla 25 suka bi su ta hanya iri ɗaya. A Fabrairun 2025, a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, almajirai 17 suka mutu cikin dare a makwancinsu. Yawancin wuraren da yaranmu ke kwana, daga makarantun allo zuwa ɗakunan haya da ɗaliban lise ke cunkusuwa a ciki a manyan garuruwa, ba su da na'urar sunsunar hayaƙi, ƙararrawarsu har yanzu muryar ɗan Adam ce. Wannan bai fitar da mu daga cikin tambayar ba, ya ma ƙara ɗora mana ita. Na'ura in ta lalace ana sauya ta da wata, amma yaron da aka taɓa duka don ya ta da mutane a banza ba zai sake buɗe baki da wuri ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ke hannun malamai da ƙungiyoyinmu ba ya bukatar kasafin gwamnati. Kowane wurin kwana ya kasance da ƙofa biyu da ke buɗewa daga ciki ba tare da neman mabuɗi ba. A sa wa yara wurin taruwa guda, da babba guda mai riƙe da sunayensu, a gwada fita da rana, a gwada da dare. A koya musu lambar ƴan kwana-kwana, 18, a kuma koya musu cewa wasa da ita sata ce daga bakin wanda ke cikin wuta. Sa'an nan a rubuta a dokar gida, da harshen da kowane yaro zai gane, cewa wanda ya yi ihun wuta don ƙeta zai gamu da hukunci, wanda kuwa ya yi shi bisa kuskure ba mai taɓa shi. Makarantar da ta kasa rarrabe waɗannan yara biyu za ta rasa na biyun, kuma shi ne wanda za ta nema ranar da wuta ta tashi da asuba.